Shekarar da Yaya Mamman Ya Daina Shiga Gidana

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin wata magana a kaina duk lokacin da muka je ƙauye biki ko gaisuwa. Ba a faɗinta a gabana, amma na san tana isa kunnuwanku: wai ubanku ne ya ƙera na'urar da ta cinye wa Tungar Gawo shekara guda, da ya ga abin zai lalace ya ajiye aiki ya gudu, bai ko gaya wa yayansa ba. Nafisa ta taɓa tambayata tana yarinya, na ce mata maganar manya ce. Yanzu duk kun zama manyan, waɗanda suka san yadda aka yi kuma suna ta raguwa, don haka ga shi yadda ya faru.

Kamfanin da na yi wa aiki kun san shi, ba sai na kira sunansa ba. Da farkon damina yana ba manoman fadama irin shinkafa da taki, da kaka ya saye abin da suka noma ya kai injinsa na casa. Da na shiga, manhajoji uku ke riƙe da aikin, kowace an saye ta daga wani wuri daban a wani lokaci daban. Ta rajistar manoma tana ofishinmu na Ƙofar Marke. Ta sito, wadda ta san buhunan da ke ajiye, tana bayan gari. Ta motoci kuma tana garejin da ke wajen Ƙofar Rini. Babu wadda take gane maganar 'yar'uwarta. Akawunanmu ne ke buga takarda daga wannan, su hau babur, su je su sake shigar da ita cikin waccan da hannu. Kafin mota ta tashi da iri sai takarda ta zagaya gari, wani lokaci ruwa ya jiƙa ta a hanya a sake daga farko. Ni na kai wa mai kamfanin, tsohon Alhaji, shawarar a yi manhaja ta huɗu da za ta zauna a tsakiya. Ita wannan ba wanda zai zauna gabanta yana latsa komai. Aikinta ta karɓi saƙo daga ɗaya, ta juya shi yadda ɗayar za ta gane, ta miƙa mata, ta jira amsa, in ba a amsa ba ta sake miƙawa. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya.

"Wato dillali kake son yi mani," in ji shi. "To yi. Amma ka san dillali in ya yi ƙarya, mai saye da mai sayarwa duka su ka kuka."

Sunan ya bi ta. Har direbobi dillali suke ce mata. Na yi aikin tare da Rifkatu, mataimakiyata, wadda iyayenta suka zo daga Filato aikin koyarwa, aka haife ta nan Sakkwato, Sakkwatancinta ma ya fi nawa kauri. Mun fi shekara muna kanta. Wahalar ba ta haɗa na'urori ba ce, wannan mun gama shi da wuri. Wahalar sunayen garuruwa ce. Rajista tana riƙe gari da sunansa, yadda malamin gona ya rubuta a waya. Sito yana riƙe shi da lamba. Motoci suna riƙe shi da kasuwar da ta fi kusa da shi. Dole wani ya zauna ya gaya wa dillali cewa wannan sunan shi ne waccan lambar, shi ne kuma waccan kasuwar. Inda suna ɗaya ne ba matsala. To amma ƙasarmu cike take da Sabon Gari da Gidan wane da Tungar wane. Tungar Gawo kaɗai uku ne a yankin da muke aiki: tamu ta bakin fadama, wata can gabas, wata kusa da iyaka. Akawu in ya ga sunan malamin gonar da ya aiko takarda ya san wace ake nufi. Manhaja ba ta sani ba sai an gaya mata. Saboda haka na gina ta a kan ƙa'ida ɗaya: duk inda ta yi shakka, ta tsaya, ta ajiye saƙon gefe, ta jira mutum ya duba.

A wannan shekarar tsohon Alhaji ya kwanta ciwo aka fitar da shi waje magani, ɗansa Nasiru ya hau kujera. Yaro ne mai ilmi, ba zan hana shi wannan ba, kuma mai sauri. Akwai baƙi masu zuba jari da za su zo da farkon damina, yana son su ga ana latsa abu a ofis mota ta tashi daga gareji. Tun bazara, ba tare da ya tambaye ni ba, ya sallami akawunan, har da waɗanda na yi wa alkawari da bakina cewa dillali ba zai raba su da aikinsu ba, sauƙaƙa musu zai yi. Da muka yi gwaji a gabansa, manhajar ta wuce da mafi yawan saƙonni lafiya, ta tsaya a kan tari mai yawa na garuruwa masu suna iri ɗaya. Allon ya cika da ja. Ya kira ni ofishinsa.

"Injiniya, wannan jan ba zan nuna wa baƙi shi ba. A cire tsayawar."

"Ranka ya daɗe, in aka cire, duk garin da ta fara cin karo da shi mai wannan sunan, can za ta tura mota."

"Sau nawa za ta yi kuskure? Kaɗan ne. Sai a gyara daga baya."

"Shinkafar fadama ba ta da daga baya. In ba a shuka da ruwan farko ta yi tsawo ba, kogi ya cika ya shanye ta tana ƙarama. Ka ba ni damina ɗaya mu bi garuruwan nan, ko ka mayar da akawu ko da kaɗan ne su duba jan."

"Na riga na gaya wa baƙin ba ma amfani da takarda. Ka cire, ka sa hannu cewa ta shirya. In ba za ka iya ba akwai masu iyawa a Legas."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Na dawo gida Mabera da la'asar, na tarar da mahaifiyarku Dije tana tsince wake a tsakar gida, kakarku Inna tana zaune a kan tabarma kusa da ita. A lokacin Inna tana wurinmu tun rasuwar mahaifinmu, ɗakin da yake na ɗan'uwanku Sadiƙu yanzu shi ne nata. Na ba su labari a sauƙaƙe yadda za su gane. Dije ba ta ɗaga kai daga tiren ba sai da na gama.

"Malam, in ka tafi za su fasa cirewa?"

"Ba za su fasa ba."

"To tafiyarka ta tsare wa? Ka sa hannu ka zauna. In mota ta ɓata hanya kana nan, kai ne za ka fara gani."

"In na sa hannu na ce ta shirya, na yi ƙarya, kuma da ƙaryata za a tura motocin."

"In ba ka sa ba, da sunanka za a tura su. Kowa ya san kai ka yi ta."

Ta fi ni gaskiya a wannan, na kuwa san haka tun a lokacin. Amma ina da lissafi nawa. Na ɗauka in na ajiye aiki, abin zai girgiza Nasiru, ko labari ya kai ga mahaifinsa a gadon asibiti, a dakata. Na ɗauka shekarun da na yi a kamfanin suna da nauyin da zai sa a tsaya a tambaya. Inna tana kan tabarmarta tana jinmu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mamman fa shi ya sa mutanen gari sunka shiga abin ga." Wannan ma na sani. Yayana Mamman shi ne liman na biyu a garinmu, mutum ne da in ya ce a yi ake yi. Da malaman gona suka zo neman manoma, mutane suka yi ɗari-ɗari, shi ya tashi a ƙofar masallaci ya ce ƙanensa na cikin kamfanin, ba za a cuce su ba. A kan maganarsa suka yi rajista. Kamfanin kuma shinkafar da aka noma da irinsa kaɗai yake saye, don haka yawancinsu suka sayar da nasu irin na gado ko suka ci.

Washegari na rubuta wa Nasiru dalilaina duka, na ba Rifkatu kwafi, na ajiye makullan ofis. Na ce mata ta biyo ni in tana so. Ta ce tana da ƙanne a makaranta, kuma wani ya kamata ya zauna ya ga abin da zai faru. Ban ji haushinta ba, ko a lokacin. Ba wanda ya kira ni. Cikin mako aka kawo wasu samari biyu daga Legas, suka cire tsayawar cikin yini ɗaya, don ba abu ne mai wuya ba. Allon ya koma kore tas.

Ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. Ban zauna gida ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na shiga mota na tafi Tungar Gawo, na sami Yaya Mamman yana gyaran garma a gindin durumin ƙofar gidansa. Na gaya masa na bar aiki, na gaya masa dalili, na ce ban san garuruwan da abin zai faɗa wa ba amma sunan garinmu yana cikin masu haɗari. Na ce su nemi iri a kasuwa tun yanzu ko da na rabin gona ne.

"In koma in ce masu mi?" in ji shi. "In ce ƙanena da nac ce shina ciki ya hita? Kuma da wane kuɗi za su sayi iri cikin bazarag ga?"

"Ko ku je sito da wuri, kada ku jira mota."

"Kai dai ka cika tsoro tun kana yaro, Ummaru. Kamfani babba kamar wanga ba ya ɓatar da gari guda."

Mun ci tuwo tare, ya raka ni bakin hanya. Matarsa Gwaggo Hajo tana nan da rai, ta ji duk abin da muka faɗa daga bayan zana. In kun je ku tambaye ta, ban sani ba ko za ta yarda ta faɗa.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Baƙin suka zo, aka latsa, mota ta tashi, aka tafa. Garuruwa da yawa sun sami irinsu a kan lokaci fiye da kowace shekara, wannan gaskiya ne kuma ban taɓa musunta shi ba. Irin garinmu kuwa aka loda shi aka kai Tungar Gawo ta gabas. Mutanen can su ma suna cikin rajista, suka ga kaya sun zo da yawa suka ɗauka ƙari ne, wakilinsu ya dangwala yatsa. Direba ya latsa wayarsa cewa ya sauke. Dillali ya ɗauki wannan saƙon ya kai wa sito, ya kai wa rajista, yadda na koya masa. Daga wannan lokacin duk manhajojin kamfanin bakinsu ɗaya: manoman Yaya Mamman sun karɓa.

Sun jira har ƙasa ta jiƙa sau biyu. Sannan Yaya Mamman ya ɗauki dattawan gari da babban ɗansa suka yi hayar mota zuwa sito. Yaron da ke kan kwamfuta sabo ne, bai san kowa ba. Ya buga sunan, ya juya musu allon, ya ce kun karɓa. Yaya Mamman ya ce ba su ga ko buhu ɗaya ba. Aka kira shugaban sito. Shi kuma a gaban layin manoman garuruwa daban-daban ya ce ya gaji da masu son karɓa sau biyu, na'ura ba ta ƙarya, kuma abin kunya ne mutum mai furfura da rawani ya zo sata da rana tsaka. Masu gadi suka fitar da su waje. Mutumin da yake jan salla, a gaban ɗansa da mutanen da suka bi maganarsa.

Daga can bai koma gida ba, Mabera ya zo. Na ji sallamarsa na fita da sauri, na ce ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa, rana tana dukansa, takalmansa duk laka.

"Ba shiga za ni yi ba. Kira mani Inna in gaishe ta."

"Yaya, shigo ka sha ruwa mu yi magana. Zan kira Rifkatu yanzu, za a gano inda kayan suka tafi."

"Kai ka gina abin ga ko ba kai ba?"

"Ni na gina, amma ba haka na bar shi ba. Ai na zo na gaya maka."

"Ka gaya mani za a yi jinkiri. Ba ka gaya mani za a ce mani ɓarawo ba."

Inna ta fito da sandarta har bakin ƙofa. Ya durƙusa a ƙasa ya gaishe ta kamar yadda ya saba, ya tambayi ƙafarta, ya tashi ya tafi. Bai sake taka cikin gidan nan ba har ya bar duniya.

Rifkatu ta gano kuskuren a ranar, don ta san inda za ta duba. Amma ganowa daban, yarda daban. Sai da ta yi ta hawa da sauka kafin a amince a sake loda wata mota, saboda a takardun kamfani kayan sun riga sun fita. Da irin ya isa garinmu, kogi ya fara hawa. Sun shuka duk da haka. Ruwa ya rufe shukar tana ƙasa da gwiwa. Ba garinmu kaɗai ba ne, akwai wasu da abin ya faɗa wa, amma namu ne na sani gida-gida. A shekarar samarin garin da yawa suka tafi cin-rani tun kafin kaka, wasu ba su dawo da zama ba. Yaya Mamman ya sayar da shanun huɗarsa ya raba hatsi ga gidajen da suka fi shiga wahala, don yana ganin shi ya jawo musu. Ya kuma daina jan salla da kansa, ba wanda ya tsige shi.

Da manoma suka fara ƙorafi a rediyo, kamfani ya aika wakili ya yi bayani. Bai kira sunana ba, bai kuma buƙaci kira ba. Ya ce injiniyan da ya fara aikin ya bar shi da gyara ya tafi ba zato, amma ƙwararru sun shawo kan matsalar. Na nemi ganin Nasiru, aka ce ya yi tafiya. Tsohon Alhaji ya rasu a waje bai san komai ba. Na yi tunanin kai ƙara, Dije ta ce da wa za ka yi shari'a, da me kuma. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, amma ta yi watanni maganarta da ni ba ta wuce ta cefane da makarantarku. Inna kuwa bayan sallar layya ta ce a mayar da ita ƙauye. Na ce me muka yi miki. Ta ce ba ku yi mani komai ba, amma ɗayanku yana iya zuwa inda nike, ɗayan ba ya iyawa. Na kai ta da kaina. A can ta rasu.

Da rani Rifkatu ta mayar da tsayawar a ɓoye, ta bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya da malaman gona ta ƙarasa haɗa sunayen, aikin da na roƙi damina ɗaya in yi. Tun daga nan dillali bai sake ɓatar da mota ba. Har yau shi ke aiki, an dai canza masa suna zuwa wani na Turanci. Ita ma ba a gode mata ba, an ɗora ɗaya daga cikin samarin Legas a kanta, daga baya ta koma koyarwa. Ni kuma kun san sauran: shagon gyaran kwamfuta na bakin titi, da shi kuka yi karatu.

Na ci gaba da zuwa ƙauye. Yaya Mamman yana amsa gaisuwata, ya tambayi iyali, shi ke nan. Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani na je na zauna kusa da shi da hantsi, aka bar mu mu biyu. Na ce Yaya, ina so ka sani ban sa hannu a kan abin nan ba, saboda shi na rasa aikina. 

"Na sani," in ji shi. "Yarinyar nan Kirista ta zo har nan ta gaya mani tun shekarar."

"To me ya sa ba ka sake shiga gidana ba?"

"Kai ka tsare hannunka, Ummaru, kuma ka kyauta. Ni da bakina na ce masu ƙanena na ciki. Randa anka kore mu, na duba ko'ina cikin siton nan, ba ka ciki."

 Ya nemi ruwa na ba shi, ya sha, ya ce in gaishe da Dije da yara. Bai kai Juma'a ba.

Ban rubuta wannan don ku je ku yi gardama da 'ya'yansa ba. Sun yi yunwa a shekarar, ku ba ku yi ba. Ku riƙa zuwa bikinsu da gaisuwarsu, in an faɗi maganar ku yi shiru. Abin da nake so kawai ku san ban gudu ba, kuma na je na faɗa.

Nasiru yana nan, kamfaninsa ya ninka. Bara muka haɗu a wurin ɗaurin aure a Ƙofar Rini. Ya hango ni ya taso da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya ga abokansa ya ce wannan shi ne Injiniya Umaru, shi ya fara gina mana manhajar da duk aikinmu ke kanta, irinsu ba su da yawa a ƙasar nan. Na duba fuskarsa da kyau ko zan ga wani abu. Babu komai. Da gaske yake yabona, ya manta. Suka yi ta miƙo mini hannu ina karɓa. Da aka shafa fatiha ban tsaya cin abinci ba, na nemi takalmana na tari mai babur. Dije ta ga na dawo da wuri ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata rana ce ta yi zafi.